Shekara nawa mutum ke yi bayan dashen ƙoda?

Ranar da likita ya shaida wa ɗan goggona cewa wankin ƙoda ba zai kai shi ko'ina ba, gara a fara shirin dashe, mun taru a zauren gidansu a cikin garin Bauchi bayan sallar isha'i. Maza suna ta lissafin abin da za a sayar: gonar hanyar Ningi, shanu biyu da ke hannun makiyayi, da filin da ya saya don gini. Goggo tana daga ciki tana jin mu, ba ta tanka ba sai da aka fara watsewa. Ta aika a kira ni, don ni ne mai raka shi asibiti. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Ɗana, in an yi wa yaron nan aikin, shekara nawa zai ƙara?" Na ce, "Goggo, ai rai a hannun Allah yake." Ta ce, "Na riga ka sanin wannan. Abin da likitoci suka gani ga waɗanda aka yi wa nake tambayarka."

A daren nan kame-kame kawai na yi. Yau shekara shida ke nan da yin aikin, kuma a tsakani na bi layin asibiti, na riƙe takardun gwaji, na saurari likitocin ƙoda, na karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da na fahimta shi ne tambayar Goggo tana da amsa, sai dai amsar ba ta rataya a kan ranar tiyata ba kamar yadda muka ɗauka a zauren nan. Ta rataya ne a kan shekarun da ke biyo baya, waɗanda babu wanda ya saka su cikin lissafi a cikinmu.

Tambayar kanta biyu ce a dunƙule. Akwai shekarun ƙodar da aka dasa, akwai shekarun mai ita. Ƙodar tana iya gajiya mutum yana nan da ransa, sai ya koma wanki ko a sake dasa masa wata. Akwai waɗanda aka yi wa sau biyu, har sau uku. Haka kuma mutum yana iya rasuwa ƙodar tana aiki garau, ciwon zuciya ko wata cuta ta ɗauke shi. Rashin raba waɗannan biyu ne ke sa wani ya gani a intanet an ce dasasshiyar ƙoda shekara 15 take yi, sai ya zauna yana ƙirga wa kansa kwanaki kamar wanda aka yanke wa wa'adi.

Hukumar lafiya ta Ingila tana faɗa wa majinyatanta cewa ƙodar da aka karɓa daga mai rai takan yi shekara 20 zuwa 25, wadda aka ciro daga mamaci kuma 15 zuwa 20. Wannan matsakaici ne: wasu ƙodojin ba sa kaiwa, wasu su zarce da nisa. Tarihin dashen kansa da irin wannan bambanci ya fara. A ranar 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, Dakta Joseph Murray ya dasa wa Richard Herrick ƙodar ɗan tagwaicinsa Ronald, kuma wannan ne dashe na farko da ya yi nasara. Richard ya yi shekara 8 a bayan aikin. A asibitin dai, a 1956, aka dasa wa wata matashiya mai suna Edith Helm ƙodar 'yar tagwaicinta. Ta haihu bayan shekara biyu, ta rayu har 2011. Asibiti ɗaya, zamani ɗaya, kowanne daga ɗan tagwaici, amma ɗaya shekara 8, ɗaya 55.

Abin da ya fi amfani ga iyali masu shawara shi ne kwatanta dashe da ci gaba da wanki, domin zaɓin da ke gabansu ke nan. A 1999 wata fitacciyar mujallar likitoci ta Amurka ta wallafa binciken da Robert Wolfe ya jagoranta, wanda har yau ake kafa hujja da shi. Sun bi bayanan masu wankin ƙoda sama da 200,000, suka ware waɗanda lafiyarsu ta isa a yi musu dashe, suka kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda suka ci gaba da jira. Ƙiyasin da ya fito: wanda ya tsaya a wanki yana da kimanin shekara 10 a gaba, wanda aka dasa wa yana da 20. Ga matasa 'yan shekara 20 zuwa 39 tazarar ta fi faɗi, 14 da 31. Ga 'yan 40 zuwa 59, 11 da 22. Ko dattawa 'yan 60 zuwa 74 sun ƙaru, daga 6 zuwa 10. A taƙaice dashe yana ninka abin da ya rage, ko kusa da haka.

Binciken ya nuna wani abu kuma da bai kamata a ɓoye wa kowa ba. A mako biyun farko bayan tiyata, haɗarin mutuwa ya kusa ninka na mai wanki sau uku. Sai bayan kwana ɗari da 'yan kai haɗarin ke daidaita, daga nan ya ci gaba da sauka. Wato ribar dashe tana nan gaba, amma ƙofar shigarta ƙunci gare ta. Shi ya sa watanni ukun farko likitoci ke tsananta wa majinyaci da zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, har iyali su fara ƙorafin an maishe su kamar ba a sallame su ba.

To amma waɗannan alƙaluman Turai da Amurka ne, kuma duk wanda ya ɗauko su ya ɗora a kan mutumin Bauchi ya yi kuskure ta fuska biyu. Ta fuskar wanki, mai wankin da ake maganarsa a can yana hawa na'ura sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, ba fashi, kuma ba daga aljihunsa ba. Namu kuwa sai ya tara kuɗi, ya yi sau ɗaya a mako, wani lokaci sai jiki ya kumbura numfashi ya fara sarƙewa a ɗauko shi ranga-ranga. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki suna dainawa, galibi saboda kuɗi, kuma daina wanki ga mai matacciyar ƙoda kowa ya san ma'anarsa. Saboda haka shekara 10 ɗin nan ta mai wanki ba tamu ba ce. A nan tazarar da ke tsakanin dashe da wanki ta fi ta can girma nesa ba kusa ba.

Ta fuskar dashen ma haka. An fara dashen ƙoda a Nijeriya a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010. Farfesa Fatiu Arogundade na Ile-Ife ya tattara dashe 143 da aka yi a ƙasar nan tsakanin 2000 da 2010. Bayan shekara ɗaya, kusan kashi 90 cikin 100 na majinyatan suna raye, kashi 83 na ƙodojin suna aiki. Bayan shekara biyar, masu rai sun koma kusan 73, ƙodoji masu aiki kusan 59. A ƙasashen da suka ci gaba, ƙodar mai rai takan wuce kashi 95 a shekarar farko, ta tsaya sama da 80 a shekara ta biyar. Alƙaluman namu na farkon tafiya ne, kuma likitocinmu sun ƙara gogewa tun daga lokacin. Amma a lura da inda ramin yake. A shekarar farko, lokacin da hannun likita ke kan majinyaci, ba mu yi nisa da su sosai ba. Tsakanin shekara ta ɗaya da ta biyar ne ƙasa ke zabtarewa, lokacin da majinyaci ya koma gida, 'yan dubiya suka watse, asusun taimako ya rufe.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke kallon sabuwar ƙoda. Garkuwar jiki kamar 'yan banga ne na unguwa, sun san kowane ɗan gida, kuma duk baƙon fuska da suka gani sai sun far masa. Ƙodar da aka dasa a gefen mara, ko ta uwa ce ko ta ɗan'uwa shaƙiƙi, baƙuwa ce a wurinsu, kuma ba ta taɓa zama 'yar gari. Ko ta shekara 20 a jiki, ranar da aka sake su za su afka mata. Tagwaye masu kama ɗaya ne kaɗai suka tsira daga wannan, shi ya sa da su aka fara. Sauran mutane sai da aka samo magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, kuma sakamakon dashe bai gyaru sosai ba sai da saiklosiforin ya shigo a farkon shekarun 1980, takrolimus kuma a shekarun 1990. Yau mafi yawan waɗanda aka dasa wa suna shan uku: takrolimus, maikofenolet da firednisolon. Takrolimus sau biyu a rana, tazarar awa 12, ba ranar hutu, har iyakar rayuwar ƙodar.

Kuma maganin yana da tsaurin awo. In ya yi kaɗan a jini, garkuwa ta farka ta ci ƙodar. In ya yi yawa, shi kansa ya lahanta ta, ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Tsakanin kaɗan da yawan nan siririn layi ne, ba a gane shi da ido sai an auna jini. Mu dai gwajin nan sai mun aika jini wata jiha mu jira sakamako, ga kuɗin gwaji ga na mota. Abin da ya fi ban tsoro shi ne yawanci idan jiki ya fara ƙin ƙodar babu zafi, babu zazzaɓi. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, lambar kirayatinin, wato dattin jinin da ake aunawa don gane aikin ƙoda, ita ce kawai ke hawa a hankali a takardar gwaji. Kafin ƙafa ta kumbura ko fitsari ya ragu, ɓarna ta yi nisa. Wanda ya ce yana jin sa garau don haka ya ɗage gwajin wannan wata, ya rufe idon da yake ganin ƙodarsa da shi ke nan.

Nan ne al'adarmu ta taimako, duk da kyanta, take barin giɓi. Mun iya gidauniya. A sa hoton majinyaci a Facebook, a karanta sanarwa a masallacin Juma'a, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta tara nata, wani ɗan siyasa ya cika. Miliyoyin naira su taru, a yi aiki, a dawo da mutum, a yi walima. A idon jama'a ya warke. Ba wanda zai sake buɗe gidauniya don kwalin magani na wata na goma sha takwas, shi kuma majinyacin kunya ba ta barinsa ya sake miƙa hannu ga mutanen da suka riga suka yi masa abin da suka yi. Alhali kuɗin maganin wata guda ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma daga waje ake shigo da shi. Lokacin da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 a 2024, na ga abin da ya faru a gidan Goggo. Ɗan goggona ya fara shan na safe yana barin na dare don kwali ya kai ƙarshen wata, kuma bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta lura kwalin ba ya ƙarewa a kan lokaci ta kira ni tana kuka. Da na tsare shi, ya ce, "Taubashi, mutanen nan sun sayar da gona saboda ni. Da wane baki zan sake tambaya?" Allah ya sa an gano da wuri, gwaji ya nuna lambar ta ɗan motsa ne kawai. Tun daga ranar muka raba kuɗin maganin a tsakanin mutum shida, kowa ya san nasa da ranar biya.

Abin da ya sa tsallake magani ya fi muni fiye da yadda ake zato shi ne garkuwar jiki ba ta mantuwa. Idan ta farka ta ƙera makaman yaƙar wannan ƙoda, komawa kan magani ba lallai ya kwance su ba. Su ci gaba da cin ta shekara da shekaru, kuma in an zo dashe na biyu su sa samun wadda za ta dace ya yi wuya. Wata uku na rabin magani yana iya cinye shekara goma daga rayuwar ƙoda.

Ko Amurka ta daɗe kafin ta koyi wannan darasi. Shekaru da dama inshorar gwamnatinsu tana biyan kuɗin dashe, ta biya magani na wata 36, sannan ta janye daga waɗanda ba su kai 65 ba. Mutane suna rasa ƙodoji su koma wanki, wanda gwamnatin ce kuma ke biya da tsada. Sai a ƙarshen 2020 suka yi dokar biyan maganin ba iyaka ga marasa wata inshora, ta fara aiki a Janairun 2023. A nan gida, a 2025 gwamnatin tarayya ta rage kuɗin zaman wanki daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma jiharmu tana cikin waɗanda suka amfana. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: mai wanki sau uku a mako ya sauko daga 600,000 a wata zuwa 144,000. Na yaba, kuma na san gidajen da ya ceta. Amma ina ganin an gina rabin gada ne. Ministan lafiya a 2025, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne kuma likita, ba sai an yi masa dogon bayani ba: wanda aka dasa wa ƙoda ya bar gadon wanki ga wani, ya koma aiki, kuma tallafa masa da takrolimus ya fi arha a kan sake karɓar sa a na'ura. Haka nan masu fitar da zakka da masu kafa waƙafi a garin nan, da za su ɗauki nauyin maganin mutum ɗaya na shekara, da sun yi abin da gidauniyar rana ɗaya ba ta iya yi.

Bayan kuɗi, sai cututtuka. A ƙasashen Turai abin da ya fi kashe waɗanda aka dasa wa shi ne ciwon zuciya, sannan ƙwayoyin cuta da sankara. A irin ƙasashenmu ƙwayoyin cuta ne kan gaba, kuma duk wanda ya san muhallinmu ba zai yi mamaki ba. Mutumin da aka kwantar wa garkuwa da gangan yana zaune a jihar da amai da gudawa ke ɓarkewa da damina, jihar da ke cikin na gaba-gaba a zazzaɓin Lassa, ga tarin fuka a ko'ina. Tarin fukan ma yana da wani tarko: rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunansa, yana zuƙe takrolimus daga jini, ta yadda in likitan tari bai san an yi wa mutum dashe ba, sai a warkar da huhu a rasa ƙoda. Gudawa kuma tana yin kishiyar haka, ta sa maganin ya hau a jini a daidai lokacin da ruwan jiki ya ƙare. Saboda haka gudawar kwana biyu da wani zai sha ruwan gishiri da sukari ya miƙe, ga mai dasasshiyar ƙoda maganar asibiti ce a ranar.

Ɗabi'armu ta zuwa kemis ita ma sai an yi mata linzami. Kowane zazzaɓi a wurinmu maleriya ne da taifod, a haɗo ƙwayoyi a leda. Cikin haɗin nan kusan ko yaushe akwai diklofenak ko ibufurofen, waɗanda ke rage jinin da ke shiga ƙoda. Ga jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan'uwa ke kawowa da kyakkyawar niyya, ba wanda ya san abin da za su yi wa awon maganin; ko garehul, ɗan itace ne kawai, an hana shi saboda yana ɗaga takrolimus. Abin da ya fi yi mana wuya a gidan Goggo shi ne dubiya. Yaya za ka ce wa dattijon da ya taso daga Darazo yana tari kada ya shiga ɗaki? Goggo ce ta ɗauki wannan nauyi da kanta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, duk wanda ya zo ta karɓi gaisuwarsa da addu'arsa a nan. Wasu sun ji haushi, amma wata ukun farko sun wuce lafiya.

Hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne suka kashe ƙodojin farko ga mutane da yawa, ba sa tafiya don an yi dashe. Magungunan ma suna iya jawo suga ga wanda ba shi da shi, firednisolon kuma yana buɗe ciki da ci, sai ƙiba ta biyo. Na'urar awon jini a gida da rage gishiri da dunƙulen miya suna ƙara wa ƙoda shekaru fiye da yadda ƙanƙantarsu ke nunawa. Azumi kuwa, likitoci galibi suna hana shi a shekarar farko. Bayan nan, wanda gwajinsa ya daidaita yana iya samun izini a gyara masa lokutan magani zuwa sahur da buɗa-baki, wanda bai daidaita ba ya ciyar. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi da Azare yakan kai maki 40, kuma ƙoda ɗaya ba ta son ƙishirwa. Shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame, abin da ya rage shi ne iyali su daina kallon wanda ya sha da rana kamar ya gaza.

Wasu daga cikin shekarun kuma tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake samun su ko a rasa. Duk daɗewar mutum a kan wanki, jijiyoyinsa da zuciyarsa suna ƙara lalacewa, shi ya sa wanda aka dasa wa da wuri, ko ma kafin ya fara wanki, ya fi samun daɗewa. Ƙarin jini ma haka: masu ciwon ƙoda jininsu yana ƙarewa, allurar ƙara jini tana da tsada, sai a riƙa yi musu ƙarin leda bayan leda, kuma kowace leda tana iya koya wa garkuwar jiki ƙin naman wani. Duk wanda ke da niyyar dashe ya gaya wa likitansa tun farko don a taƙaita. Sannan dacewar mai bayarwa: tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, akwai damar ɗaya cikin huɗu a samu wanda alamomin jikinsa suka yi daidai da na majinyaci gaba ɗaya, kuma irin wannan ƙodar ce ta fi kowace daɗewa. Mu da Allah ya ba yawan dangi, wannan arziki ne da Bature mai ɗan'uwa ɗaya ba shi da shi.

Tsoro ne ke hana dangi bayarwa, daga nan sai dillalai su shigo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar sashen jiki da sharuɗɗa, ta haramta sayarwa. Kowa kuma ya ga yadda ta ƙare wa tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 kan kai wani matashi don a cire ƙodarsa. Ko an ajiye doka da shari'a a gefe, sayayyar ƙoda tana cutar mai saye. Wanda talauci ya sa ya sayar zai ɓoye ciwonsa, aikin a ɓoye ake yi cikin gaggawa, majinyaci ya dawo ba cikakkun takardu. Masu tafiya Indiya ko Masar ta halastacciyar hanya ma, su tabbatar tun kafin su hau jirgi sun san likitan ƙodar da zai karɓe su a Bauchi ko Gombe ko Kano in sun dawo, domin wanda ya yi tiyatar ba shi zai duba gwajin wata-wata ba.

Da Goggo za ta sake yi mini tambayar nan yau, zan ce mata: matashi ɗan shekara talatin da wani abu, da ƙodar ƙanwarsa, in maganinsa bai yanke ba kuma gwaji bai tsaya ba, likitoci sun ga irinsa da yawa sun wuce shekara 20 da ƙodar, sun yi aure, sun aurar, kuma in ta gaji akwai sauran hanya. Mata ma suna haihuwa bayan dashe, sai dai su jira aƙalla shekara ɗaya, a kuma canja musu maikofenolet tun kafin ciki saboda yana lahanta ɗan tayi. In kuwa magani ya riƙa yankewa, shekara biyar ma tana iya yin wuya. Ajali yana nan inda yake, wannan abin da aka gani ne ga waɗanda suka gabata.

Akwai mutum ɗaya da ba a yi wa tambayar ba a zauren nan, ita ce ƙanwar da ta bayar. Haɗarin mutuwa a tiyatar mai bayarwa kusan 3 ne cikin 10,000, kuma ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin biyu. Ronald Herrick, wanda ya fara bayarwa a duniya, ya rayu shekara 56 da ƙoda ɗaya, ya rasu a 2010 yana da 79. Amma wannan ya dogara ne da an tantance mai bayarwa sosai kafin aiki, an kuma ci gaba da duba shi, domin haɗarin hawan jini da ciwon ƙoda a gaba yana ɗan ƙaruwa, ga mace kuma hawan jinin masu ciki. A nan da zarar ɗinki ya warke sai a manta da mai bayarwa, hankali duk ya koma kan wanda aka ba. Mu ma mun yi wannan sakaci, sai da ta samu ciki a shekara ta uku ma'aikaciyar awo ta ga tabon ta tambaya, sannan muka farga ba a taɓa auna ta ba tun bayan sallama. Ta sauka lafiya. Yanzu duk bayan babbar sallah, ranar da za a kai yayanta gwaji, a mota ɗaya suke tafiya, a auna jininta da fitsarinta, kuma kuɗin nata yana cikin abin da mu shida muke rabawa.